Daga Kano zuwa Landan da Tring: abin da ke gaban gilashi da abin da ke bayan ƙofa

Wanda zai je Ingila don ganin ma'ajiyar dabbobi ta babban gidan tarihin halittu, wasiƙa ya kamata ya fara rubutawa tun kafin ya nemi biza. Zaurukan da jama'a ke shiga kyauta ne, amma ɗakunan baya, inda ake ajiye fatu da ƙasusuwa da kwalabe, ba a buɗe wa kowa sai wanda ya aiko tun da wuri ya faɗi dabbar da zai duba, ta wace ƙasa, kuma don me. Aikina kula da ɗakin samfuran dabbobi ne a wani sashen nazarin halittu, don haka abin da na rubuta musu a fili yake: ina son ganin ƙananan dabbobin da aka kwaso daga Arewa, da yadda ake tsare su daga ƙwari da lalacewa. Amsar da suka aiko ta shiga cikin takardun biza.

Na bar Kano da sassafe a cikin watan Oktoba, ta Zariya da Kaduna zuwa Abuja. Shingayen hanya dai kamar kullum, a rage gudu, a gaisa, a wuce. Daga Abuja jirgi kai tsaye zuwa Heathrow awa shida ne da 'yan kai. Kada mutum ya yi gangancin sa kilishi ko dambun nama a jaka, domin Ingila ba ta yarda a shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu ba. Jami'in shige da fice ya tambayi inda zan sauka da ranar komawa, ya karanta wasiƙar gidan tarihin, ya miƙo fasfo.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly yana ɗaukar mutum daga filin jirgin har tashar South Kensington ba tare da canji ba, a kan kusan fam shida. Masauki a wannan unguwa sai mai hali. Ni can yammacin gari na samu ɗan ɗaki, gado da tebur da tagar da ba ta buɗuwa sosai, duk da haka kuɗin kwana ya doshi fam ɗari. Abinci na halal ba ya wuya: titin Edgware cike yake da gidajen abincin Larabawa, wanda kuma ya yi marmarin tsire da shinkafa dafa-duka sai ya gangara Peckham. Wani ƙanena da ke karatu a can ya gargaɗe ni tun daren farko: "Yaya, ka sayi burodi da ayaba ka sa a jaka, abincin cikin gidan tarihin zai cinye maka guzuri." Gaskiyarsa.

Daga tashar akwai doguwar hanya ta ƙarƙashin ƙasa da ke fitar da mutum kusa da ƙofar. Ginin an buɗe shi a 1881, Alfred Waterhouse ya zana shi, Richard Owen kuma shi ne masanin da ya dage sai an raba kayan halittu daga babban gidan tarihin Birtaniya an yi musu nasu gida. Bangon duk gasasshen yumɓu ne da aka sassaƙa dabbobi da tsirrai a jiki, ɓangaren yamma masu rai, na gabas waɗanda suka ƙare.

Da shiga babban zaure sai wuya ya ɗaga da kansa. Ƙwarangwal ɗin kifin whale shuɗi ne rataye a sama, baki buɗe, kamar ya nutso zai kamfaci abinci. Kifi muke ce masa, amma dabba ce mai shayarwa, ƙasusuwan hannunta ma suna nuna yatsu. Tsawonta mita 25.2, ƙasusuwa 221, mace ce da ta maƙale a gaɓar Wexford ta ƙasar Ayalan a 1891. A 2017 aka rataye ta a nan, bayan an sauke kwafin ƙwarangwal ɗin dinoso, wata ƙatuwar dabba ta zamanin da da ta ƙare, wanda attajiri Andrew Carnegie ya bayar a 1905. Abin da mai sana'a zai duba shi ne ƙarfen da ke riƙe da ita: an bi da shi ta cikin ƙashin baya da bayan haƙarƙari yadda ido ba zai kama shi da wuri ba, nauyin kuma yana kan ƙarfen, ba a kan ƙashi ba. Ƙashin irin wannan dabba cike yake da mai, yana iya yin shekaru da dama yana tsattsafowa, ya kama ƙura, ya yi baƙi. Shi ya sa wanke shi ya fi haɗa shi cin lokaci.

A gefen zauren akwai raƙuman dawa biyu tsaye, ɗaya da fatarsa, ɗaya ƙashi zalla. Duk tsawon wuyan nan gaɓoɓi bakwai ne, daidai da na mutum da na ɓera. Wannan tsari na jera fata kusa da ƙashi ya fi dogon bayani a allo amfani, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Da akuya ma za a iya yi wa ɗalibai.

A nan ne ya kamata a gyara wata fahimta. Mutane suna cewa "an cusa wa dabbar auduga". Haka aka yi a da, da ciyawa da tsumma da ɓawon katako, kuma sakamakon yana nan ana gani: a gidan tarihi na Horniman da ke kudancin Landan akwai wata ƙatuwar dabbar teku mai haure da aka cusa har fatar ta miƙe sumul, saboda masu aikin ba su san tana da naɗe-naɗen fata a raye ba. Aikin da ya inganta ba cusawa ba ne. Ana auna gawar tun kafin a feɗe, a zana, a ɗauki hoton fuska. Sai a gina gangar jiki daidai da awon, a da da katako da waya da zaren itace ko yumɓu da filasta, yanzu galibi da soso mai tauri da ake sassaƙawa. A kan wannan ake ɗora jemammiyar fata da danshinta, a shafa manne, a zaunar da idon gilashi cikin yumɓu, a sa wa kunne abin da zai tsayar da shi, a ɗinke ta inda ɗinkin zai ɓuya, a kafe da allurai har ta bushe. Wurare uku ke tona asirin mai aiki: fatar ido, leɓe da gindin kunne. Idan ba a tsaga su an kankare naman ciki an rage kaurin fatar ba, da ta bushe za ta ja, ido ya zazzaro, haƙora su bayyana, dabbar ta yi kamar tana murmushin dole.

Jimar kuma ba irin ta majemanmu ba ce. Su burinsu gashi ya fita, don haka sukan jiƙa fata a ruwan toka kafin ta shiga bagaruwa. A nan gashin shi ne dukiyar. Da an feɗe sai gishiri mai yawa a cikin 'yan awoyi, a zuba ta ɓangaren nama, a bar ruwa ya tsane, a sake wani. Daga nan sai ruwan tsami mai gishiri, sai kankara, sai jima da alif ko sinadarin zamani, sai mai. A zafin Kano, fatar da ta wuni ba gishiri ta riga ta fara ruɓewa a gindin gashi. Ba za a gani ba sai ranar ɗorawa, gashin ya riƙa biyo hannu, kuma wannan ba shi da magani.

Zauren dabbobi masu shayarwa ya ba ni mamaki ta wata fuska. Da yawa sun koɗe. Zaki ya yi fari-fari, dabbare-dabbaren wasu ya dushe, wata fatar ta tsage a ɗinki. Ba sakaci ba ne kawai, haske ne na shekaru aru-aru, kuma gidan bai zaɓi ya kashe sababbi don maye gurbinsu ba. Launin gashi da gashin tsuntsu idan ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa ma'aunin da ake bi wa irin waɗannan kaya shi ne haske kusan lakis 50 a ma'aunin ƙarfin haske, wato duhu-duhu, babu hasken rana kai tsaye. Duk ɗakin da aka jera dabbobi a gaban taga, kamar yadda muka saba, ana cinye su ne a hankali. Kahon karkandar da ke kan nuni ma ba na gaske ba ne; gidajen tarihi na Turai sun cire na ainihi saboda ɓarayi.

Kada a taɓa tsohuwar dabba da hannu. Fatun da aka yi tun ƙarni na 18 har zuwa cikin ƙarni na 20 yawanci da sabulun asanik aka shafe cikinsu don kashe ƙwari. Gubar tana nan, wani lokaci tana fitowa kamar farar hoda a gefen ido ko gindin ƙafa. Safar hannu da abin rufe hanci wajibi ne, kuma ba a karkaɗe irin wannan da tsumma.

Ranar da aka ba ni ta shiga ciki, wata ma'aikaciya ta tarbe ni a ƙofar baya, ta ba ni katin wuya, ta ce jaka da abinci da rigar sanyi duk su tsaya a waje, don kada ƙwaro ya shiga da su. Gidan yana da samfura kusan miliyan 80, abin da ke gaban jama'a ɗan tsiraru ne. A ciki babu dabbar da ke tsaye tana hararar mutum. Durowoyi ne cikin kabad na ƙarfe masu rufe iska, kowace durowa ɓeraye ne ko jemagu kwance a jere, ruf da ciki, hannaye gaba, ƙafafu baya, wutsiya a miƙe.

Yin irin wannan fata ta nazari ba shi da wuya, tsari yake so. Kafin wuƙa ta taɓa, a ɗauki awo biyar: tsawon jiki duka, wutsiya, ƙafar baya, kunne, duk da milimita, sai nauyi da giram. A tsaga fatar ciki kaɗai ba tare da huda tumbi ba, a riƙa barbaɗa garin masara yana shanye jini da maiƙo, a zare fatar kamar safa, a yi hankali a kunne da ido da leɓe. A kankare kitse tas, domin kitsen da ya rage yakan yi tsami da shekaru ya ƙone fatar ta koma ruwan kasa mai karyewa. A cika da auduga daidai girman jikin, a sa siririyar waya da ba ta tsatsa a wutsiya da ƙafafu, a ɗinke, a kafe a allo cikin inuwa. Ƙoƙon kai kuma a ba shi lamba ɗaya da ta fatar. Sai takarda: wuri, kwanan wata, jinsi, awo, sunan mai kamawa da lambarsa, da fensir ko tawadar da ba ta narkewa, a ɗaure a ƙafar baya da ƙulli biyu. Dabbar da takardarta ta ɓace ta zama kayan ado.

Wanke ƙashi kuwa ƙwari ke yi. Suna da ɗaki na musamman, nesa da ma'ajiya, inda suke kiwon wani baƙin ƙwaro da tsutsarsa mai gashi ke cin busasshen nama. Ko ba a faɗa ba duk wanda ya taɓa sayar da bandar kifi ko ya tara kirgi ya san shi, shi ne mai mayar da kifi gari a cikin kwando. A nan ana ba shi ƙoƙon kan jemage ya share tas ba tare da ya karya ƙashin da ya fi farce siranta ba, abin da tafasawa ba za ta iya ba. Bayan ya gama sai a daskarar da ƙashin kafin ya shiga ma'ajiya, domin idan ya kuɓuta ya samu fatu, aikin shekara ɗari zai tafi.

Dabbobin ƙasarmu suna cikin waɗannan durowoyi, kuma tarihin zuwansu ya biyo ta gida. A 1919 zuwa 1920 wani Bature ɗan Sikotlan, Angus Buchanan, ya tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Damargu da Agadas har duwatsun Azbin yana tara tsuntsaye da ƙananan dabbobi da kuɗin Walter Rothschild, wani attajirin Ingila mai tara dabbobi. Daga abin da ya kama a Fanisau, masana biyu na wannan gida, Oldfield Thomas da Martin Hinton, suka siffanta wani ɗan mitsitsin ɓera a 1920, wanda a yau ake kira Mus haussa. Irin wannan samfuri na farko da aka raɗa wa jinsi suna da shi ana ware shi daban, galibi da jar takarda, kuma duk mai gardama a kan jinsin sai ya koma kansa. Wato ɗalibin Kano da ke son tabbatar da ɓeran bayan garinsu, hujjarsa tana wata nahiya. Abin da ciwo, amma mu ma sai mu tambayi kanmu fatu nawa na shekara hamsin suka tsira a ɗakunanmu.

Ginin Darwin da ke haɗe da gidan shi ne na kwalabe. Dabbobi kusan miliyan 22 cikin sifirit, ruwan barasa mai hana ruɓewa, a kan kantocin da tsawonsu ya kai kilomita 27, wuri a sanyaye saboda gobara da kuma rage tashin ruwan. A ƙasa akwai doguwar tankin gilashi mai ɗauke da wata dabbar teku mai hannaye goma, tsawon mita 8.62, da aka kama kusa da tsibiran Falkland a 2004. Ana iya yin rajista a biya a zagaya da mutum nan ko da ba mai bincike ba ne.

Matakin farko na ajiyar ruwa shi ne fomalin, sinadarin da ke sandarar da nama ya hana shi ruɓewa: kashi ɗaya na wanda ake sayarwa, kashi tara na ruwa, da ɗan sinadarin kashe tsami, domin fomalin mai tsami yana narkar da ƙashi a hankali. Jefa dabba a ciki kawai bai isa ba. Kafin ruwan ya ratsa, cikin ya ruɓe ya kumbura. Ana yi mata allura a ciki, maciji kuma kowane santimita huɗu ko biyar har wutsiya, kifin da ya ɗan girma a tsaga shi ta gefen dama. A shimfiɗa ta yadda ake so ta zauna, don da ta sandare shi ke nan. Bayan kamar mako ga ƙanana, a ɗauraye, a hau da ita sifirit mataki-mataki, kashi 25, 50, sannan 70 zuwa 80 cikin ɗari. Wanda ya tsallake matakai zai ga ƙadangarensa ya yamutse. Fomalin yana lalata ƙwayoyin gado, don haka ana yanke ɗan nama tun farko a sa a sifirit mai ƙarfi ko a daskare. Takarda a cikin kwalba take zama, ba a manne a waje ba. Matsalar da ta fi damun ɗakunanmu ita ce murfi: na ƙarfe yana tsatsa, na roba yana tsagewa, kuma sifirit ya fi ruwa saurin tashi, don haka kwalbar da ta ragu rabi abin da ya saura a ciki ya yi rauni. Ƙara sabo ba tare da auna ƙarfin tsohon ba, ruɗin kai ne.

Tring ƙaramin gari ne arewa maso yammacin Landan, inda gidan tarihin yake da reshe. Jirgin ƙasa daga Euston kamar minti arba'in, sai dai tashar tana da nisan kusan kilomita uku daga gari, kuma bas ba ta yawaita ba. Na taka da ƙafa cikin yayyafi da iskar da ke shiga ƙashi, wani dattijo mai yawo da kare ya nuna mini kwanar titin Akeman. Rothschild ya buɗe wa jama'a gidan a 1892, ya bar wa ƙasa shi da ya rasu a 1937. Mutum ne da ya taɓa ɗaura wa jakunan dawa keken doki ya bi titin Landan da su. Mai kula masa da tsuntsaye, Bajamushe Ernst Hartert, ya taka ƙasar Hausa tun yana saurayi, ya isa Kano da Sakkwato a tafiyar 1885 zuwa 1886. Mafi yawan tsuntsayen Rothschild an sayar wa gidan tarihin halittu na New York a 1932, amma daga baya aka kawo tarin tsuntsayen babban gidan daga Landan, fatu kusan 750,000.

Zaurukan nan an bar su da tsohon fasali: kabad na katako da gilashi tun daga ƙasa har sama, dabbobi cunkushe kafaɗa da kafaɗa, gwaggon biri kusa da ɗan'uwansa, kada rataye, karnukan gida iri-iri, jakin dawan Afirka ta Kudu mai zane a rabin jiki wanda na ƙarshensa ya mutu a 1883, har da ƙuma da aka sa wa tufafi a ƙasar Meksiko, sai da madubin ƙara girma ake ganinta. A ganina ɗalibi ya fi ƙaruwa a nan fiye da zauren zamani mai allon taɓawa, domin yana ganin dangi goma a jere ya kwatanta da idonsa.

A 2009 wani ɗalibin kiɗa Ba'amurke ya fasa taga ya kwashe fatun tsuntsaye 299, wasunsu masanin halittu Alfred Russel Wallace ne ya tara, don sayar da gashin ga masu ɗaura ƙugiyar kamun kifi ta ado. An kama shi, an samo wasu, amma da yawa ya riga ya cire musu takarda. Su waɗannan gashinsu na nan da kyansa, sai dai ba wanda zai iya cewa ga tsibirin da suka fito ko shekarar. Amfanin tsohon samfuri ba ya bayyana sai an zo da tambayar da mai tarawa bai taɓa tunani ba: da ƙwayayen tsuntsaye na gidajen tarihi masani Derek Ratcliffe ya nuna a 1967 cewa ɓawon ƙwan shaho ya fara siranta tun bayan shigowar magungunan feshi irin su DDT.

Na tambayi mai kula da wurin maganin da suke fesawa. Ya ce ba sa fesawa. Kafur da dangoginsa an daina saboda lafiyar ma'aikata. Tarkon manne suke ajiyewa a kusurwoyi, a duba a rubuta abin da ya kama, a san inda asu ko ƙwaron fata ya fara. Duk abin da zai shigo, ko wanda aka ga gari a ƙarƙashinsa, sai a ɗaure a leda a fitar da iska, a sa a firiza: awa 72 a digiri 30 ƙasa da sifili, ko mako biyu a 18 zuwa 20 ƙasa da sifili. In an fitar, a bar shi cikin ledar kwana guda kafin a buɗe, don raɓar ta sauka a kan leda. Danshin ɗaki kuma tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya fi mana wuya. Da hunturu danshin Kano yakan faɗi ƙasa da kashi 20, fata ta ja ta tsage, haure ya dare. A watan Agusta ya haura 80, fumfuna ta rufe komai. Na'urar sanyaya ɗaki da ke mutuwa tana tashi da wutar lantarki ta fi rashinta illa, domin hawa da saukan ne ke fasa fata. Abin da zai yi mana aiki shi ne ɗaki na tsakiyar gini mara taga, kabad mai rufewa da roba a baki, ƙafafunsa a ɗage daga ƙasa saboda gara, da ƙwayoyin silika a ciki masu shan danshi. Firizar gida tana kai 18 ƙasa da sifili, amma mako biyun nan dole ya zama ba yankewa. Idan ta narke a tsakiya, sai a soma lissafi daga farko. Ba tare da sola da batir ba, kada ma a fara.

A hanyar dawowa babu gashin tsuntsu ko ƙashi ko ɗaya a jakata. Fitar da samfuri tsakanin ƙasashe sai da takardar aro daga gida zuwa gida, idan kuma jinsin yana cikin yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, sai da izini na musamman. Tarkon manne fakiti biyu na sayo, da ɗan agogon auna danshi, da zaren lilin na ɗaure takarda. Jami'in kwastan a Abuja ya juya tarkon a hannu ya ce, "Malam, wannan na ɓera ne?" Na ce na asu ne, ya mayar cikin jaka ya ja zif.